Darasi na Tara: Sauya Mazubin Bayanai a Manhajojin Ƙididdiga

1.0 Gabatarwa

Kowane ɗalibi a kwalejin ilimi yana fuskantar aikin bincike kafin ya kammala karatunsa, kuma bayan ya kama aikin koyarwa zai ci gaba da mu'amala da alƙaluma: rajistar aji, makin jarrabawa, da takardun ƙidayar makarantu da ake cikawa duk shekara. A da, littafi da alƙalami ne ke ɗauke da wannan nauyi. A yau kuwa, mafi yawan waɗannan bayanai a cikin kwamfuta suke ƙarewa, inda ake tace su da manhajojin ƙididdiga irin su SPSS, wadda ta fito a 1968, da Stata, wadda ta fito a 1985, da kuma R, wadda fitowarta ta farko cikakkiya ta kasance a shekarar 2000.

Wannan darasi ya duƙufa ne a kan mataki guda wanda ba a cika lura da shi ba, wato sauya bayani daga wani mazubi zuwa wani. Abin da ake so a fahimta shi ne, kwamfuta tana iya canza lamba ko ta zubar da ita a lokacin wannan sauyi, kuma sau da yawa ba tare da wani gargaɗi mai ƙarfi ba. An ɗauko misalan darasin daga Ambursa da Birnin Kebbi da Argungu, sannan an leƙa wasu ƙasashe domin ƙarin haske.

2.0 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar mazubin bayani da dalilin samuwar ire-irensa;
(b) bambance sauyin da ba ya da haɗari da wanda ke jawo asara;
(c) gano illar sauyi ga haruffan Hausa masu ƙugiya;
(d) zayyana matakan kariya kafin sauyi da bayansa.

3.0 Ma'anar Mazubin Bayani

Manomin shinkafa a fadamar Gulbin Rima ya san cewa kowane awo da ma'auninsa. Akwai abin da ake aunawa da gwangwani, akwai na mudu, akwai kuma na buhu. Wanda ya ɗauko buhu domin ya zuba mudu guda ya ɓata wuri, wanda kuma ya nemi juye buhu a cikin mudu ya yi ɓari. Haka abin yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Mafi ƙanƙantar ma'auni a kwamfuta shi ne bit, wanda ba ya ɗaukar komai sai sifili ko ɗaya. Bit takwas su ne bayit guda, kuma bayit guda yana iya bambance abubuwa 256 kacal. Bayit biyu suna bambance 65,536, bayit huɗu kuma fiye da biliyan huɗu. Mazubin bayani, ke nan, shi ne adadin bayit da aka keɓe wa kowane bayani, tare da ƙa'idar da kwamfuta za ta bi wajen fassara abin da ke cikinsu: ko cikakkiyar lamba ce, ko lamba mai ɗigo, ko kuwa rubutu.

A jadawalin bincike, kowane layi na kwance yana wakiltar mutum guda, misali ɗalibi, kowane layi na tsaye kuma yana ɗauke da nau'in bayani guda, misali shekaru ko maki. Layin tsaye shi za a riƙa kira rukuni a wannan darasi, kuma rukuni gaba ɗayansa mazubi ɗaya yake da shi.

3.1 Ire-iren Mazubi

Manhajar Stata ta fi sauran fito da wannan tsari fili, don haka da ita za a kafa misali. Tana da mazubin lamba iri biyar, kuma dole a riƙe sunayensu yadda suke domin da su ake ba ta umarni:

(i) byte: bayit 1, yana ɗaukar cikakkiyar lamba daga -127 zuwa 100.
(ii) int: bayit 2, daga -32,767 zuwa 32,740.
(iii) long: bayit 4, har zuwa 2,147,483,620.
(iv) float: bayit 4, yana ɗaukar lamba mai ɗigo, amma abin da yake riƙewa daidai bai wuce gurbi bakwai ba, kusan.
(v) double: bayit 8, yana ɗaukar lamba mai ɗigo, yana kuma riƙe gurbi 15 zuwa 16.

Bayan waɗannan akwai mazubin rubutu, wanda ake kira str, ana ɗora masa lamba mai nuna faɗinsa, kamar str7 ko str20.

Mai lura zai tambaya: me ya sa byte ya tsaya a 100 alhali bayit guda yana iya kaiwa 127? Amsar ita ce, Stata ta keɓe gurabu 27 na sama domin alamomin da ke nuna cewa babu bayani. Manhajar R kuwa ba ta rarraba lambobi haka da yawa ba. Manyan mazubanta na lamba biyu ne, wato integer mai bayit 4, wanda iyakarsa 2,147,483,647, da double mai bayit 8.

3.2 Dalilin Matse Bayanai

A ƙaddara cewa an tattara bayanan yara 100,000 daga makarantun firamare na Jihar Kebbi, kowane yaro da amsoshi 50. Idan an zuba kowace amsa a double, jadawalin zai ci bayit miliyan 40. Idan kuwa amsoshin duk ƙananan lambobi ne, irin su jinsi da aji da shekaru, aka zuba su a byte, bayit miliyan 5 sun wadatar. Wannan ragi na kashi bakwai cikin takwas yana da amfani ga mai aiki da tsohuwar kwamfuta, da mai tura fayil ta intanet a wurin da sabis ba ya da ƙarfi. Saboda haka matse bayanai ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne yadda aka matse su.

4.0 Sauyi da Haɗarinsa

Sauyi iri biyu ne. Akwai faɗaɗawa, kamar daga byte zuwa int ko daga long zuwa double, wadda ba ta jawo asarar komai. Akwai kuma ƙuntatawa, kamar daga double zuwa float ko daga float zuwa int, wadda a cikinta ne ake samun ɓari. Ɓarin yana zuwa ta fuskoki biyar.

4.1 Ambaliya

Ambaliya ita ce lamba ta fi ƙarfin mazubinta. Makin jarrabawa daga 0 zuwa 100 ya dace da byte cif-cif, amma yawan yara a aji yana iya wuce haka. A ɗauka ɗalibi ya je koyon aikin koyarwa a wata firamare a Ambursa, ya ƙirga yaran azuzuwa biyar ya samu 62 da 75 da 88 da 120 da 135. Jimlarsu 480, matsakaicin aji kuma 96. Idan ya umarci Stata ta ƙirƙiri sabon rukuni na byte daga waɗannan lambobi, 120 da 135 za su koma alamar babu bayani. Jimla za ta dawo 225, matsakaici kuma 75.

Illar ba ta tsaya a takarda ba. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ta tanadi malami guda ga yara 35 a firamare. Bisa wannan ma'auni, yara 480 suna buƙatar malamai 14, yara 225 kuwa 7 kawai. Ke nan azuzuwan da suka fi cunkoso, waɗanda su ne dalilin binciken, su ne suka fara ɓacewa.

Akwai kuma wani tarko a nan. Stata tana ɗaukar alamar babu bayani a matsayin abin da ya fi kowace lamba girma. Idan aka umarce ta ta ƙirga duk wanda makinsa ya kai 40 ko ya wuce, za ta haɗa har da yaran da ba su zauna jarrabawar ba, sai fa an gindaya mata sharaɗin ta tsame su.

4.2 Yanke Wutsiya

Mazubin cikakkiyar lamba ba ya da wurin ajiye abin da ke bayan ɗigo. A manhajar R, umarnin as.integer ba ya cike lamba zuwa mafi kusa, datse wutsiyarta kawai yake yi. Don haka 39.6 za ta koma 39, ba 40 ba. A inda makin cin jarrabawa yake 40, wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin ci da faɗuwa. Haka nan a gasar kamun kifi ta Argungu, wadda aka fara a 1934, nauyi ne ke fitar da gwani. Kifi mai kilo 64.8 da mai kilo 64.1 duk za su koma 64 idan an datse su, sai a rasa na ɗaya. Ƙa'ida ita ce, hukumar makaranta ko mai bincike shi ke yanke shawarar yadda za a cike lamba, a yi hakan da umarni na musamman, sannan a sauya mazubi. Bai dace a bar wa kwamfuta wannan hukunci ba.

4.3 Dusashewar Gurabun Ƙarshe

Wannan ita ce fuska mafi wuyar ganewa, domin lambar tana nan, sai dai ba ita ce ta asali ba. Mazubin float yana riƙe kowace cikakkiyar lamba daidai har zuwa 16,777,216. Daga nan sai ya fara tsallake, yana taku bibbiyu, sannan hurhuɗu, haka har gaba.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna Jihar Kebbi tana da mutum 3,256,541. Wannan adadi ya fi ƙarfin int, amma long da float duk suna riƙe shi daidai. Jimlar Nijeriya a wannan ƙidaya kuwa 140,431,790 ce. A wannan mataki float yana taku goma sha shida-shida ne, saboda haka adadin zai koma 140,431,792. An ƙara mutum biyu waɗanda ba a ƙirga ba. A lura cewa long da float duk bayit huɗu ne, amma sauyi daga na farko zuwa na biyu ƙuntatawa ce. Daidaiton girma ba ya nufin daidaiton aiki.

Ƙarin mutum biyu a cikin miliyan 140 ba wani abin damuwa ba ne. Inda abin yake zama babba shi ne lambar shaida. Lambar shaidar ɗan ƙasa gurbi 11 gare ta, haka ma lambar tantance masu asusun banki da Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da ita a 2014. Irin wannan lamba ce ake dogaro da ita wajen bambance mutum da mutum a manyan shirye-shirye, kamar shirin rancen manoma da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Lamba mai gurbi 11 ta fi ƙarfin long. Idan kuma ta faɗa cikin float, takun da yake yi a wannan mataki daga 1,024 ne zuwa 8,192, gwargwadon girman lambar. Ma'ana, mutane da dama masu lambobi makusanta za su wayi gari da lamba guda. Abin lura shi ne, idan aka ƙirƙiri sabon rukuni a Stata ba tare da an faɗi mazubinsa ba, float take ba shi.

Hanya mafi aminci ita ce a ajiye lambar shaida a matsayin rubutu, domin suna ce, ba adadi ba. Ba a tara ta, ba a raba ta, ba a neman matsakaicinta. Haka ma lambar waya, wadda sifilin farkonta ke faɗuwa da zarar an mayar da ita adadi.

4.4 Tsakanin Rubutu da Lamba

Sau da yawa maki yana shigowa a matsayin rubutu, saboda wani ya rubuta "bai zo ba" a gurbin yaro guda, ko ya buga harafin O a madadin sifili. Umarnin destring na Stata yakan ƙi yin sauyi idan ya tarar da irin wannan. Mai gaggawa yana iya tilasta shi da kalmar force, amma sakamakon shi ne duk gurbin da ke da harafi zai koma babu bayani, har da wanda kuskuren bugu ne kawai.

Akwai kuma umarnin encode, wanda ke mayar da sunaye lambobi bisa jerin abacada, yana ajiye sunan a matsayin laƙabi. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da ƙananan hukumomi 21. Idan duk suna cikin jadawali, Aliero za ta samu 1, Arewa Dandi 2, Argungu 3, Augie 4, Bagudo 5, Birnin Kebbi 6. Idan kuwa a wani jadawalin babu Augie, to Bagudo ce 4, Birnin Kebbi kuma 5. Duk wanda ya haɗa jadawalan biyu bisa lamba zai zuba makarantun Ambursa, waɗanda ke ƙaramar hukumar Birnin Kebbi, a cikin lissafin Bagudo.

Manhajar R tana da makamancin wannan a mazubin da take kira factor. Idan makin 35 da 48 da 72 suka shiga cikinsa, aka nemi mayar da su lamba kai tsaye, abin da zai fito shi ne 1 da 2 da 3, wato matsayinsu a jeri. Dole a fara mayar da su rubutu, sannan lamba.

4.5 Haruffa Masu Ƙugiya

Wannan fuska ta fi shafar malamin Hausa. A tsarin UTF-8, wanda shi ne aka fi amfani da shi a yau, haruffan boko na gama-gari bayit guda kowanne yake ci, amma ɓ da ɗ da ƙ bayit bibbiyu suke ci. Kalmar "ƙanƙara" haruffa bakwai ce, bayit tara. Sunan Ɗanladi haruffa bakwai ne, bayit takwas. Faɗin mazubin str kuwa da bayit ake auna shi, ba da harafi ba. Wanda ya ƙirga haruffa ya tilasta wa rukunin komawa str7 zai datse ƙarshen waɗannan kalmomi.

Stata ba ta rungumi wannan tsari ba sai a fitowarta ta 14, a shekarar 2015, don haka tsofaffin fayiloli suna buƙatar a juya su kafin a yi aiki da su. Idan aka bi ta tsarin da bai san ƙugiya ba, harafin yakan koma alamar tambaya ko wani baƙon zane. Wasu kuma sukan cire ƙugiyar da hannunsu domin gudun wahala. Ga mai nazarin kurakuran rubutun yara, wannan rushe bincike ne, domin "baƙi" ya zama "baki", "ƙafa" ta zama "kafa", "ɓari" ya zama "bari". Ba za a ƙara sanin ko yaron ne ya yi kuskure ko na'ura ba. Haka kuma alamar da ke cikin "'ya'ya" tana da siffa miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, kuma kwamfuta tana ɗaukar su a matsayin abubuwa biyu, sai ta ƙirga kalma ɗaya a gida biyu.

5.0 Darussa daga Wasu Ƙasashe

Kada a zaci masu koyo kaɗai wannan matsala take kamawa. A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta ƙasashen Turai ta tarwatse ƙasa da minti guda bayan tashinta na farko. Bincike ya gano cewa manhajarta ta yi ƙoƙarin juye wata lamba mai ɗigo mai bit 64 a cikin mazubin cikakkiyar lamba mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767. Ambaliya ce irin wadda aka bayyana a sashe na 4.1.

A Ingila kuma, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, 2020, sakamakon gwajin mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona bai shiga rahoton hukuma a kan lokaci ba. Dalili shi ne an riƙa juye bayanan a tsohon tsarin fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Abin da ya haura sai ya zube, aka kuma yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar.

6.0 Matakan Kariya

Hausawa sun ce kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Domin a haɗa kowane bayani da mazubin da ya dace da shi, ana bin waɗannan matakai:

1. A adana fayil na asali a gefe, a yi aiki da kwafinsa. Abin da aka datse ba ya dawowa ta hanyar sake faɗaɗa mazubi.
2. A tambayi ma'anar kowane rukuni: adadi ne, awo ne mai ɗigo, ko suna ne da ya zo a siffar lamba?
3. A duba mafi ƙanƙantar lamba da mafi girma a rukunin, a kuma yi la'akari da abin da zai iya shigowa nan gaba.
4. Idan rage girman fayil ake so a Stata, a yi amfani da umarnin compress, domin yana duba bayanan da kansa, ba ya kuma ƙuntata rukuni sai in babu abin da zai salwanta.
5. Idan umarnin recast ko destring ya ƙi aiki, a binciki dalili. Ƙin nasa gargaɗi ne, tilasta shi kuma toshe kunne ne.
6. A rubuta jimla da matsakaici da yawan gurabun da babu bayani kafin sauyi, a sake lissafa su bayansa, a gwada. A lambar shaida kuwa, a ƙirga ko an samu masu lamba iri ɗaya.
7. A tsayar da jerin lambobi guda na ƙananan hukumomi da makarantu, da ƙa'idar rubutu guda, a yi amfani da su a duk fayiloli.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kowane bayani a kwamfuta yana zaune ne a mazubi mai iyaka, kuma matse shi yana da amfani idan an yi shi bisa sani. An kuma ga fuskoki biyar da asara take zuwa ta cikinsu: ambaliya, yanke wutsiya, dusashewar gurabun ƙarshe, rikicewar rubutu da lamba, da salwantar ƙugiya. Kwamfuta ba ta san cewa 120 yara ne a aji guda ba, ba ta kuma san 39.6 makomar wani ɗalibi ce ba. Malamin da ya tattaro bayanan shi ya san haka, don haka alhakin zaɓen mazubi da tantance sakamakon sauyi a wuyansa yake.

8.0 Auna Fahimta

1. Bayyana ma'anar mazubin bayani, tare da kawo mazuban lamba biyar na Stata da iyakar uku na farko.
2. Wane mazubi ne ya dace da kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kuma don me: shekarun yaro, yawan mutanen Jihar Kebbi a ƙidayar 2006, nauyin kifi, lambar shaidar ɗan ƙasa?
3. Azuzuwa huɗu suna da yara 54 da 90 da 101 da 115. Nemo jimla da matsakaici kafin a zuba su a byte da kuma bayan an zuba.
4. Ƙirga haruffa da bayit na waɗannan kalmomi a tsarin UTF-8: ɓarawo, ƙuƙumi, ɗanɗano.
5. Kawo tagwayen kalmomin Hausa biyar waɗanda ƙugiya kaɗai ta bambanta ma'anarsu, sannan ka bayyana illar salwantarta ga mai nazarin rubutun yara.